Na fi maigidana ƙiba, amma shi ne numfashinsa ke ɗaukewa a barci

"Assalamu alaikum Likita. Maigidana ɗan kasuwa ne a nan Katsina, shekarunsa 48. Ya daɗe yana minshari, amma cikin shekara biyun nan abin ya sauya. Sai yana tsakiyar minsharin ya yi tsit, ƙirjinsa na motsi amma babu numfashi, har sai na taɓa shi sannan ya fizgo numfashi da ƙara. Yana tashi fitsari sau uku ko huɗu kafin Asuba, da rana kuma ko a shago gyangyaɗi yake yi, ga shi da kansa yake tuƙi zuwa Kano saro kaya. Maganin hawan jini kala uku yake sha amma jinin ya ƙi sauka. Wani ma'aikacin asibiti ya ce ƙiba ce. Abin da ya ɗaure min kai, kilo 88 gare shi, ni kuwa kilo 96, kuma ya fi ni tsawo, amma ni ba na minshari. Shi dai tumbi ne da kaurin wuya. 'Yan'uwansa sun ce a kai shi wurin wanzami a cire masa belu. Da gaske ƙiba ce? In ita ce, ni me ya sa ban kamu ba?"
Wata uwargida, Ƙofar Marusa, Katsina

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba Alhaji lafiya. Tambayarki biyu ce a haɗe: ko ƙiba ce ke ɗauke masa numfashi, sannan in ita ce, don me wadda ta fi shi nauyi take barcinta lafiya lau. Ta farkon, alamun da kika jero sun nuna haka ƙwarai, sai dai ba a tabbatar wa mutum ciwo daga wasiƙa, sai an gan shi an gwada shi. Ta biyun ita zan fi daɗewa a kai, domin a nan ne mutane da yawa, har da wasu ma'aikatan lafiya, suke tsayawa a kan sikeli. Sikeli nauyin jiki gaba ɗaya yake faɗa. Ba ya faɗin inda kitsen ya je ya zauna, kuma a wannan ciwo na ɗaukewar numfashi a barci sau da yawa mazaunin kitsen ya fi yawansa tasiri.

Daga bayan hanci zuwa saman maƙoshi akwai wani sashe na hanyar iska da babu ƙashi ko guringuntsi da ke tokare shi. Tsoka ce kawai da nama mai laushi: gindin harshe, ƙarshen ganɗa, belu, da bangon maƙogwaro. Muddin mutum na farke, tsokokin a ɗaure suke, hanya a buɗe. Da barci ya yi nauyi sai su saki. In hanyar mai faɗi ce, sakin ba ya hana komai. In dama a matse take, sai naman ya riƙa karkarwa duk lokacin da iska ta ratsa, shi ne minshari. In kuwa ta rufe ruf, shi ne shirun nan da kike ji, ƙirji na ja amma iska ba ta shiga. Iskar oksijin da ke cikin jini sai ta yi ƙasa, ƙwaƙwalwa ta firgita ta tashe shi na 'yan daƙiƙu, tsokar ta ɗaure, ya fizgo numfashi, ya koma barci bai ma san ya farka ba.

A gwajin barci muna ƙirga duk tsayawar numfashi, ko raguwarsa sosai, da ta kai daƙiƙa 10. Sau 5 zuwa 14 a awa guda mai sauƙi ne, 15 zuwa 29 matsakaici, 30 zuwa sama mai tsanani. Wanda nasa ya kai 30, in ya yi barcin awa shida, ya tashi sau 180 ke nan a dare ɗaya. Shi ya sa mutum zai kwanta tun bayan Isha'i amma ya wayi gari a gajiye, da ciwon kai da busasshen baki. Kuma ba ciwon 'yan tsiraru ba ne: wani ƙiyasi da aka fitar a 2019 ya ce mutum kusan miliyan 936 masu shekaru 30 zuwa 69 ke da shi a duniya.

Wuya, harshe da ciki

Wuri uku ne kitse ke zama ya matse hanyar iska. Na farko shi ne wuya. Ba kitsen da ake gani ya yi ninki a ƙeya kaɗai ba, akwai wanda ke can ciki a gefe da gefen maƙogwaro. Shi yana danna hanyar daga waje, kuma da mutum ya kwanta rigingine nauyin wuyan gaba ɗaya a kanta yake sauka.

Na biyu shi ne wanda mutane ke mamaki in na faɗa musu: harshe ma yana yin ƙiba. Kitse na shiga tsakanin tsokar harshe, musamman gindinsa, can baya inda ba a gani a madubi. Harshen sai ya yi girma, ya cika bakin, ƙarfinsa kuma ya ragu. Likitocin Jami'ar Pennsylvania a Amurka, ƙarƙashin Dokta Richard Schwab, sun ɗauki hoton cikin jiki da ake kira MRI na mutum 67 masu ƙiba da wannan ciwo, kafin su rage nauyi da bayan sun rage kimanin kashi 10 cikin 100. A sakamakon da suka fitar a 2020, raguwar kitsen harshe ce ta fi komai bayyana sauƙin da mutanen suka samu. Shi ya sa in mai minshari ya zo wurina nake sa shi ya buɗe baki ba tare da ya ce "aa" ba. In na hango belu da bangon maƙogwaro, da sauran fili. In harshe ya tare komai, ga shatin haƙora a gefensa saboda ya matsu, na riga na fara zargi.

Na uku shi ne ciki, kuma nan ne bambancinki da Alhaji ya fi fitowa. Kitse iri biyu ne. Akwai na ƙarƙashin fata, wanda ake iya kamawa da hannu a cinya da ɗuwawu da damtse. Akwai kuma na cikin ciki, wanda ke lulluɓe hanji da hanta. Duk wadda ta taɓa gyara kayan cikin ragon Layya ta san shi. Shi ne ke sa tumbin namiji ya fito gaba ya yi tauri, alhali ƙafafunsa sirara. Idan mai irin wannan cikin ya kwanta, kitsen sai ya tura tantanin da ya raba ciki da ƙirji zuwa sama, huhu ya kasa buɗewa yadda ya kamata. Illar biyu ce. Huhun da ya cika da iska yana jan maƙoshi ƙasa, jan nan kuma yana miƙar da bangon maƙogwaro ya hana shi lanƙwashewa. Da huhun ya takura, jan ya ragu, maƙogwaro ya yi lagwas. Sannan iskar da ke ajiye a huhun kaɗan ce, don haka da numfashi ya tsaya oksijin ɗinsa ke faɗuwa da sauri. Kitsen cinya da ɗuwawu ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Yana wahalar da gwiwa da baya, amma ya yi nisa da maƙogwaro.

Akwai ƙari ga mai zaman shago. Wanda ya wuni a zaune ƙafa a ƙasa, ruwa na taruwa a ƙafafunsa, wani lokaci har ki ga shatin safa ko na takalmi da yamma. Da ya kwanta, wani ɓangare na ruwan sai ya gangaro sama ya ƙara wa wuya kauri cikin dare. 'Yan kasuwa, teloli da direbobi duk suna cikin wannan, kuma ya fi ƙarfi ga mai hawan jinin da ya ƙi jin magani ko mai ciwon zuciya ko na ƙoda.

To me ya sa ke kika tsira? Sinadaran jikin mace, matuƙar tana jinin al'ada, ƙasa suke tura kitse, zuwa kwankwaso da cinyoyi. Na namiji kuwa ciki da wuya. Hanyar iskar namiji ma ta fi tsawo, ta fi saurin rufewa. Shi ya sa ciwon ya fi yawa ga maza ninki biyu zuwa uku. Amma fa abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Da al'ada ta ɗauke, kitsen mace kan fara komawa ciki, tazarar da ke tsakaninta da namiji ta ragu sosai. Kuma mata ba kasafai suke zuwa da ƙorafin minshari ba, sun fi cewa kasala, ciwon kai da safe, ko rashin barci. Ga shi wanda zai ba da shaidar ko kina minshari shi ne Alhaji, shi kuma ta kansa yake yi.

Tunda maganar mata ta zo, bari in faɗi wani abu da ke damuna. Ƙwayoyin ƙiba da ake sayar wa 'yan mata da amare, irin su sha-ka-fashe, da yawansu akwai wani magani mai suna deksametason a ciki. Wannan maganin fuska da wuya da ƙeya da ciki yake tara wa kitse, hannu da ƙafa kuma su rame. Wato daidai wuraren da muke gudu. Na ga matan da ba su kai talatin ba suna minsharin da ba su taɓa yi ba, ga suga ga hawan jini, asalin abin kuma daga nan ne. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, domin yankewa farat ɗaya na da nasa haɗarin. Ta je asibiti a janye mata a hankali.

Kada kuma a ɗora wa kitse komai. Siriri ma na kamuwa in haɓarsa ƙarama ce ta koma baya, ko hancinsa a toshe yake, ko ƙulullukan maƙogwaronsa, wato tonsil, manya ne. A yara ma su ne kan gaba. Maƙoƙo da raunin aikin halittar wuya da ake kira tayirod su ma muna dubawa.

Ki nemo tef ɗin tela

Awo biyu za ki iya yi masa yau a gida. Na wuya: yana tsaye, kai a miƙe, ki zagaya tef ɗin daidai ƙasan maƙogwaron nan da ke fitowa a wuyan maza. Namijin da ya kai inci 17, wato santimita 43, ko macen da ta kai inci 16, sun shiga sahun da muke sa wa ido. In Alhaji na da tela ɗaya da ya daɗe yana masa ɗinki, littafin awonsa zai nuna miki yadda wuyan kaftaninsa ya riƙa ƙaruwa shekara bayan shekara, ko da yake teloli kan ɗan ƙara saki.

Na ƙugu kuma kada ki bi lambar wandonsa, domin mai tumbi a ƙarƙashin tumbin yake ɗaure wando. Ki laluba ƙarshen haƙarƙarinsa da saman ƙashin kwankwaso, ki sa tef a tsakiyarsu, yawanci ɗan sama da cibiya, bayan ya saki numfashi ba tare da ya shanye ciki ba. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, haɗari na farawa daga santimita 94 ga namiji, 80 ga mace, ya yi tsanani daga 102 ga namiji, 88 ga mace. Hanyar da na fi so ma ba ta buƙatar tef: a yanki zare daidai tsawon mutum, a ninka shi biyu, a zagaya ƙugu da shi. In bakin zaren bai haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa. Ke ma ki gwada.

Wani direba da ke jigila tsakanin Daura da Kano ta Kazaure ya taɓa zuwa wurina a kan hawan jini kawai. Da babbar riga ya shigo, a ido ba za a kira shi mai ƙiba ba, sikeli ma bai nuna wani abin tashin hankali ba. Sai da ya tuɓe na ga cikin, na sa tef a wuya ya haura inci 17. Na tambaye shi minshari, ya ce iyalinsa ba su taɓa faɗa masa ba. Ashe a turakarsa yake kwana shi kaɗai galibin darare. Yaron motarsa da ya rako shi ne ya yi dariya ya ce in sun kwana a tasha ba mai shimfiɗa tabarma kusa da oga, kuma shi da kansa yakan sa masa hira ko ya miƙa masa goro in ya ga motar ta fara cin gefen titi. Gwaji ya nuna nasa mai tsanani ne. Alhaji ya yi sa'a da yake da mai lura da shi cikin dare. Ki nemi izininsa ki ɗauki bidiyon minti biyu ko uku da wayarki, da sauti, lokacin da numfashin ke tsayawa. Yana taimaka wa likita fiye da dogon bayani, kuma shi kansa mai ciwon ba ya yarda sai ya gani.

Sauran alamun da kika lissafa duk jirgi ɗaya ya ɗauko su. Duk firgitar da ƙwaƙwalwa ta yi, jijiyoyin jini na tsukewa, bugun zuciya ya ƙaru, kuma a hankali jinin ya saba zama a sama har da rana. Duk wanda ke shan magani kala uku jini bai sauka ba, wannan ciwon na cikin abin da ake fara nema. Fitsarin dare kuma, ƙoƙarin jan iska ta rufaffiyar hanya yana miƙar da zuciya, ita kuma ta saki wani sinadari da ke sa ƙoda ta ƙara fitar da ruwa. Duk da haka a shekarunsa a duba suga da mafitsara. In aka bar ciwon, yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki, rikicewar bugun zuciya da ciwon suga, yana kuma rage wa namiji kuzarin auratayya, abin da maza ba sa faɗa sai an tambaye su.

Ciwon da ƙibar kuma ciyar da juna suke yi. Wanda barcinsa ya yanyanke, sinadaran yunwa da ƙoshi na jikinsa kan rikice, ya riƙa kwaɗayin zaƙi da maiƙo. Ga gajiya ta hana shi tafiya. Don ya kori gyangyaɗi sai shayi mai kaurin madara da suga, sai lemon kwalba. Saboda haka ba na son a riƙa yi wa irin su Alhaji gorin lalaci ko haɗama.

Rage ƙiba, da abin da ba a jira da shi

Rage nauyi na aiki, kuma ba sai mutum ya rame ba. Wani dogon bincike a jihar Wisconsin ta Amurka da ya bi mutum 690, wanda aka buga a 2000, ya gano cewa ƙaruwar nauyi da kashi 10 cikin 100 na tafiya da ƙaruwar tsayawar numfashi da kusan kashi 32, raguwarsa da kashi 10 kuma na tafiya da raguwar kusan kashi 26. Ga mai kilo 88, kilo tara ake magana. Abin daɗin shi ne kitsen cikin ciki na daga cikin wanda ke saurin amsa tafiyar ƙafa da rage ci, don haka tef kan nuna canji kafin sikeli ya nuna. Amma ba a zaɓar wa jiki inda zai rage. Ɗamarar matse tumbi da man shafawa da shayin "ƙona kitse" asarar kuɗi ce kawai.

A gidajenmu abin da na ga ya fi tasiri shi ne abin sha da cin dare. A janye lemon kwalba da sugan shayi da na fura da kunu. A rage malmalar tuwo da tulin shinkafa, a ƙara miya da ganye, zogale, rama, wake. Tsiren da balangun da ake shigowa da su ƙarfe goma na dare a ci a kwanta, a mayar da su na jefi-jefi. Tafiya mai ɗan sauri ta minti 30 a mafi yawan kwanakin mako, bayan Asuba ko bayan La'asar, kuma a shago ya riƙa miƙewa yana zagayawa. Tunda ke ma kina da naki nauyin, tukunya ɗaya ta ishe ku. Ya riƙa kwanciya a gefe maimakon rigingine, a ɗan ɗaga kan gadon. Ya nisanci ƙwayoyin sa barci da kodin da taramol, domin suna ƙara sakin maƙogwaro su kuma dakushe farkawar da ke ceto shi. In yana shan taba ya bari.

Sai dai rage ƙiba na ɗaukar watanni, da yawa kuma ba sa warkewa sarai ko sun rage, musamman in ƙirar muƙamuƙi na da hannu. Mai ciwo matsakaici ko mai tsanani ba a ce masa ya je ya rame tukuna. Babban maganinsa na'urar CPAP ce, wadda Dokta Colin Sullivan ya ƙirƙiro a Ostireliya ya bayyana ta a 1981. Iska take turawa a hankali ta wani abin rufe hanci, ta riƙe hanyar a buɗe har safe. Wanda ta karɓe shi, cikin 'yan kwanaki yake jin kansa wani mutum daban. Ba ta rage ƙiba, wasu ma sukan ɗan ƙara, kuma jini kaɗan take saukarwa, ba ta maye gurbin maganinsa. Matsalarta a nan tsada ce da wuta. Direban nan da batirin sola yake tafiyar da tasa. Lokacin hunturu tana busar da hanci sai an haɗa da ɗan tankin ruwanta, lokacin zafin bazara kuma abin fuskar na damun mutane. Kada a sayi ta hannu a ɗaura haka nan ba tare da likita ya daidaita ƙarfin iskar ba.

Mai ciwo mara tsanani, likitan haƙori na iya yi masa wani abin sawa a baki da ke turo muƙamuƙin ƙasa gaba. A Disambar 2024 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da allurar Zepbound, wadda maganin cikinta ɗaya ne da na allurar ciwon suga mai suna Mounjaro, ga masu ƙiba da ke da wannan ciwo matsakaici ko mai tsanani. Ta hanyar rage nauyi take aiki, tana da tsada, nauyin kan dawo in an daina, kuma ba abin saya a intanet ko a hannun 'yan talla ba ne.

Zancen wanzami kuwa, ki ba 'yan'uwansa haƙuri cikin ladabi. Toshewar ba a belu kaɗai take ba, tana gindin harshe da bangon maƙogwaro, inda aska ba ta kaiwa. Ko ƙarar minsharin ta ragu, tsayawar numfashin na nan, sai dai a rasa alamar da ke tona ta. Ga zubar jini ga mai hawan jini, ga kumburi a hanyar da dama a matse take. Ko a asibiti ba kowa ake yi wa tiyatar maƙogwaro ba, sai wanda aka ga takamaiman abin da ya tare, kamar manyan tonsil ko karkataccen hanci.

Ku je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina ko Babban Asibiti, da bidiyon da awon wuya da na ƙugu da duk magungunan da yake sha a cikin kwalayensu. Ku ce kuna son a duba shi a kan ɗaukewar numfashi a barci, a haɗa ku da likitan ƙirji ko na kunne da hanci da maƙogwaro, su za su faɗa muku inda za a yi gwajin barcin, ko a asibiti ko da ƙaramar na'urar da ake kwana da ita a gida. In wata tiyata ta taso masa kafin nan, a sanar da likitan da ke sa mutum barci don tiyata cewa numfashinsa na ɗaukewa a barci. Tafiyar Kano kuma, masu wannan ciwon da ba a yi musu magani ba sun fi sauran direbobi yin haɗari ninki biyu ko fiye, kuma goro da buɗe gilashi ba sa hana barcin daƙiƙa uku a kan sitiyari. Har sai an gwada shi an fara magani, ya ba wani tuƙin ko ya shiga motar haya.